Tsatsar Motar Yaya Soja

Ƙarar daro ce ta fara komai. Ina madafa da hantsi ina tace gasara, sai na ji ana jan wani abu a kan simintin tsakar gida, ƙiiii, a tsaya, a sake ja. Ko ban leƙa ba na san darona ne, babban nan mai zanen jajayen furanni da ya zo cikin kayan aurena, don shi kaɗai ke irin wannan kukan idan gindinsa ya gogi ƙasa. Na kuma san mai jan. Duk gidan mutum ɗaya ne zai ga abin ɗauka ya gwammace ya ja shi.

"Baban Ummi, ina za ka kai mini daro?"

"Aro nake, Malama. Wanka za mu yi wa mota."

"Motar ce za ta shiga daro?"

"Gaɓa-gaɓa za ta shiga. Akwai tsamiya a gidan nan, ko kin shanye ta a kunu?"

Malama yake kirana, don na gama sakandare, shi kuwa tun yana yaro ya ajiye biro ya bi motocin haya. Bai taɓa faɗin sunan da raini ba. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko faɗa zai yi sai ya fara da dariya.

Abin da ya tono mini wannan zance, kwanan baya ne na bi ta gefen wani gareji zan je gaisuwar rasuwa, na ga bakanike ya yage leda da haƙori ya zaro sabon ƙarfe yana sheƙi, ya wurga tsohon kan tulin da 'yan gwangwan ke zuwa saye. Ko kallonsa bai yi ba. Yanzu a Zuru ba a barin ƙarfe ya tsufa a gida. Tukunya ta huje, kafin ki gama tunanin gyara yaro ya kai ta kan sikeli. Mu da muka taso ba haka muka sani ba. Ƙusa idan ta lanƙwashe miƙe ta ake yi. Buta idan ta tsage akwai tsohon da ke yawo unguwa-unguwa da kaskon garwashi yana liƙe ta da dalma. Wuƙa ko kaskon tuya idan suka yi tsatsa a jiƙa su a ruwan tsamiya, a goge da toka da soson ƙarfe, su fito kamar ranar da aka saye su. Ba na cewa zamaninmu ya fi. Na tsaya dai a bakin garejin nan har bakaniken ya ce, "Mama, lafiya?" na ce lafiya, na wuce gidan makokin.

Motar ta yayan maigidana ce, wanda duk gidan muke kira Yaya Soja. Da ya dawo daga aikin da aka tura su ƙasar waje ya sayo ta, doguwar mota mai kujera layi uku, irin wadda ake lodin kasuwa da ita. Bai more ta ba. Ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Aka tura motar ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar gida, surukata Inna ta ce ba mai taɓa ta sai matarsa ta fita takaba. Matar ta fita, ta koma gidan iyayenta a Ribah. Aka ce sai an raba gado. Rabon ya yi ta jiran wannan kawu da wancan. Daga baya kowa ya gane ba kawu ake jira ba, zuciyar Inna ce ba ta shirya ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Tayoyin suka sace suka nutse, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashi, kaji suka mai da wurin gidan ƙwai. Kullum da safe Inna za ta dogara sandarta ta fita, ta share gilashin gaba da gefen zanenta, ta tsince busassun ganye daga rufin. Saman motar bai taɓa yin datti ba. Ƙasanta kuwa, inda inuwar mangwaro ba ta barin laima ta bushe, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya duba.

Ranar da aka ce motar ta zama ta Baban Ummi, ban taɓa ganinsa cikin irin wannan murna ba. Shekarunsa yana tuƙa motocin mutane, yau wannan ya karɓe makulli, gobe wancan. Ya kira wani abokinsa bakanike suka ɗaga ta a kan duwatsu, suka cire tayoyi, suka shiga kwance abin da ke ƙarƙashi. Injin dai abokin ya tafi da shi gareji. Sauran kuwa, ƙarafan birki da na sifirin da ke riƙe nauyin mota, aka shimfiɗa buhuna a tsakar gidana aka jera su. Wasu kamar kwanon tuwo, wasu kamar baka, wasu dogaye falle-falle a ɗaure wuri ɗaya. Duk launinsu ɗaya, ja mai duhu, idan kin taɓa ya bare a hannunki kamar ɓawon gyaɗa.

Wannan kuma aikin mata ne, ko ba a faɗa ba. Wa ya fi mu sanin tsatsa? Na jiƙa tsamiya har ta yi kauri, muka nutsa ƙarafan a ciki. Idan gida ya yi shiru da azahar, kika kasa kunne kusa da daron, za ki ji wani ɗan sauti siriri, kamar gero na tsotson ruwa, ƙananan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Warin kuma ba na tsamiya ba ne kawai. Akwai wani ƙarni a ciki, irin wanda ake ji a tsakar gida ranar Layya bayan an wanke wuƙaƙe. Da safe in tsamo su in baza, in zauna da toka da soson ƙarfe da guntun dutse ina gurza. Notin da ya ƙi motsi a ɗiga masa kananzir a bar shi ya sha. Hannuwana suka yi ja har cikin farce, alwala ba ta fitar da shi.

Maƙwabciyata Maman Ishaya, matar wani tsohon soja, katanga ce kawai tsakaninmu. Ita ce ta karɓi haihuwar Ummi kafin a samo motar asibiti. Ranar Lahadi idan ta dawo daga coci takan leƙo da mayafinta na zumuntar mata ta tsaya tana mini tsiya.

"Maman Ummi, miyar ƙarfe ake yi yau? A zubo mini, haƙorana na nan da ƙarfinsu."

"Sai kin kawo tuwon dutse."

Ta yi dariya ta zagayo, ta ɗaure zane ta karɓi soso. "Ba ni nan. Ai ni ce fasinja ta farko. Dawata ta gaji da hawan babur ɗin kabu-kabu zuwa Ribah, buhu a baya, ni a kan buhu, ina ta roƙon Ubangiji."

Mun yi hira mun yi dariya a kan ƙarafan nan, ba zan ce ba mu yi ba. Amma duk lokacin da na kinkimi daron na je zubar da ruwan a bakin rariya, sai in tsaya ina kallonsa. Ruwan ja wur yake fita, da gari-gari a ƙasansa mai nauyi. Na tuna malaminmu na kimiyya a sakandare, ranar da ya ɗaga wata tsohuwar ƙusa a gaban aji ya ce mana tsatsa ba datti ba ce da ta hau kan ƙarfe, ƙarfen ne da kansa ruwa da iska suka cinye. A lokacin na rubuta ne don jarrabawa. Sai ga ni tsaye da daro ina kallon jikin motar Yaya Soja yana bin rariya. Abin da ya rage a kan buhu yana ƙyalli, gwanin sha'awa, amma ya rame. Wasu wuraren sun yi ramuka ƙanana kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda. Baban Ummi idan ya dawo sai ya ɗaga ɗaya ya juya shi a rana. "Kai, Malama! Wallahi ko kanti albarka." Ya shafe su da baƙin mai don kada tsatsar ta dawo. Da man ya hau, ramukan ma suka daina ganuwa.

Cikin kayan akwai wani siririn bututun ƙarfe, bai kai kaurin ɗan yatsana ba, mai lanƙwasa nan da can. Ya gaya mini ta cikinsa man birki ke bi ya isa taya, idan direba ya taka. Da na gama goge bayansa sai na ce bari in wanke cikinsa yadda nake wa bakin buta. Na cika shi da ruwa, na toshe ƙarshen da babban yatsa, na sa baki na hura. Sai na ji sanyi a kumatuna. Na ɗauka yatsana ne ya goce. Na gyara na sake hurawa. Wani zaren ruwa, siriri kamar gashi, ya fito daga tsakiyar lanƙwasar ya sake taɓa mini fuska. Na kai shi rana na duba. Da ƙyar ido ke ganin hujin. Kusa da shi akwai wani, da wani kuma da bai gama hujewa ba. Tsatsar ce ta toshe su duk tsawon zaman motar a ƙarƙashin mangwaro, yanzu da ta fita, ga abin da ta bari.

Na jira har Baban Ummi ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na kawo bututun na hura a gabansa. Dariyar fuskarsa ta ɗauke. Ya karɓa ya hura da kansa, ya daɗe yana kallo.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Da wannan ya wuce mu."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare. Ya zaga duk masu kayan mota na garin, ba a samu irinsa ba. Wani direba da ke zuwa Kontagora ya yi alkawarin zai taho da shi, amma sai wani zuwan. Ana haka aka dawo da inji, aka ɗaura, motar ta yi tari ta tashi, yaran unguwa suka yi ta ihu. Inna ta fito ta dafa ta tana hawaye. A wurin ta yanke cewa ranar kasuwar Ribah mai zuwa motar za ta fita, a je a nuna wa matar marigayi cewa abin mijinta bai mutu ba.

Washegari da hantsi na ji muryar tsohon nan mai dalma a zaure. Na leƙa ta labule. Yana tsugune gaban kaskonsa, bututun birki a hannunsa, yana ɗiga masa dalma a natse, yadda ya liƙe mini butar alwala da damina ta fara. Aikinsa mai kyau ne, tsakani da Allah. Ya goge, ya cika shi da ruwa ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko ɗigo bai fito ba.

"Baban Ummi," na ce da muka keɓe, "numfashin tsoho daban, ƙafarka a kan gangare daban."

"Zuwa ɗaya ne, Malama. Kafin wata kasuwar sabo ya iso. Zan bi a hankali, da giya zan riƙa sauka, birkin ma ba zan dame shi ba."

"To a jira sabon mana."

"Ki je ki gaya wa Inna a jira." Ya yi murmushi, amma bai kalle ni ba. "Tun rasuwar Yaya kin taɓa ganin ta ci abinci kamar jiya?"

Ban taɓa gani ba.

Abin da ban sani ba sai ana gobe tafiya, har da Ummi za a je. 'Yata ta fari, lokacin ko firamare ba ta shiga ba. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Ita ce ta shigo da gudu tana gaya mini kakarta ta ce a wanke mata rigar Sallah. Na ajiye abin da ke hannuna na tafi ɗakin Inna, na durƙusa a bakin ƙofa. Ban saba yi mata musu ba. Na gaya mata zancen bututun tun daga farko, na ce a yi mini arziki a bar yarinyar, in ya so wani zuwan ta bi su.

Inna ta saurare ni har na gama, tana jan carbinta. Mutuniyar ƙasar Kabi ce, harshenta bai taɓa sauyawa ba duk zamanta a Zuru.

"Ɗiyata, mi kika tsoro? Ba an gyara ba?"

"An liƙe ne, Inna."

"To. Motag ga ta ɗana ce. Ba ta hita da baƙi zalla babu jinin gida ciki. Ni ƙafata ba ta iyawa, takwarata ta tahi a madadina, matar Soja ta gan ta ta ji daɗi. Wanda ya tsare ta cikin ɗakinki shi ka tsaron ta bisa hanya. Ko kina da wani mai tsaro?"

Gaskiya ta faɗa, ba ni da wani. Na tashi na fito. A zuciyata na yi ta saƙa abubuwa. Na ce ko in ce jikin yarinyar da zafi, ko in ɓoye takalmanta. Amma ban iya haɗa ƙarya da roƙon Allah a baki ɗaya ba, kuma roƙon na fi buƙata. Na zagaya wurin Maman Ishaya na gaya mata komai. Ba ta yi tsiyar da ta saba ba. Ta dubi buhunan dawarta da ta riga ta ɗaure.

"Mijinki ba mahaukacin direba ba ne," ta ce. "Zan je. Ummi kuma a cinyata za ta zauna, ba gaba wurin babanta ba, ko ta yi kukan duniya. Hannuna ba zai bar jikinta ba. Ke ki yi naki roƙon, ni in yi nawa."

Da safe aka yi lodi. Mata 'yan kasuwa na unguwarmu, da buhuna a baya da kan rufi, har motar ta zauna a kan sababbin ƙafafunta. Baban Ummi ya ja ta gaba kaɗan ya taka birki, ta tsaya cak. Ya sake, ta sake tsayawa. Na durƙusa ba kunya a gaban mutane na leƙa ƙarƙashi. Ƙasa a bushe.

"Injiniya ta duba, ta sa hannu," ya ce, matan suka kwashe da dariya. Ya sunkuyo ta taga ya rage murya. "Ki dafa mini wake da shinkafa. Kafin la'asar muna gida."

Ummi tana ɗaga mini hannu daga cinyar Maman Ishaya, an yi mata kwalli ya ɗan zarce. Na so in kira su in gyara mata. Motar ta riga ta juya.

Yaran yanzu ba za su gane irin wannan jira ba. Yau idan jikana ya fita ya daɗe, uwarsa ta danna waya ta ji yana ina. Hanyar Ribah da Bena ma abin da ake tsoro a kanta yanzu daban ne, ba gangare ko rami ba, Allah ya kawo mana sauƙi. A wancan lokacin wayar hannu sai a wurin 'yan ƙalilan, kuma da an bar gari ba ta kamawa. Wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai kunnenki. Na yi shara inda na riga na share. Na tsince wake, na sake tsince shi. Gidan ya yi mini faɗi, babu ƙarafa a kan buhu, babu surutun Ummi. A ƙofar gida, inda motar ta shekara da shekaru, an bar wani dogon fili baƙi mai laima, da ramuka huɗu, kaji na zagayawa suna neman inda suka saba kwanciya. Na yi azahar, na daɗe a sujada ban san me nake faɗa ba. Hadari ya haɗu a kan duwatsun gabas, ya yi baƙi, bai sauko mana ba, amma ana jin tsawa daga can nesa, ta wajen hanyar da suka bi.

Aka kira la'asar. Wake da shinkafa ya huce a cikin kwano. Duk ƙarar injin da ta taso daga bakin titi sai in miƙe, in ji ta wuce. Inna, wadda ba ta zama a waje da yamma, ta sa aka kai mata tabarma gindin mangwaro. Na kai mata ruwa, ba ta sha ba. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Carbin ne kawai ke tafiya a hannunta, da sauri fiye da kullum.

Rana ta yi ja lokacin da na ji kabu-kabu ya rage gudu, ya shigo layinmu a hankali, a hankalin da ba a san 'yan kabu-kabu da shi ba. Ya tsaya a ƙofar gida. Maman Ishaya ce a baya, babu ɗankwali, jan laka tun daga kafaɗa har ƙafa, goshinta ɗaure da tsumma. Ummi na goye a bayanta da zanen da ba nata ba.

"Tana lafiya," ta fara cewa tun kafin ta sauko. "Ko ƙwarzane babu. Duba ta, Maman Ummi, duba ta da kyau."

Ta kwance goyon ta miƙo mini. Na shafa kai, na shafa hannuwa da ƙafafu. Jikinta da ɗumi, tana numfashi, ta ƙanƙame wuyana. Sai dai fuskarta a murtuke, idanunta a rufe gam.

"A dawowa ne," in ji Maman Ishaya. "Gangaren nan na kafin gada, an yi ruwa. Na ga yana taka ƙafa, yana sake takawa. Bai yi ihu ba. Ga babbar mota ta cike gadar. Sai ya karya kan motar ya nufi jikin dutse, ta ɓangarensa. Ta ɓangarensa shi kaɗai. Mu duka mun fito da ƙafafunmu."

"Shi fa?" Inna ce ta tambaya daga kan tabarma.

Mai kabu-kabun ya kashe injinsa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ji Inna ta fara salati, muryarta kamar daga cikin rijiya.

Ni ban yi kuka ba a lokacin. Ina tsaye ina jijjiga yarinya kamar jaririya, ina cewa, "Ummi, ni ce. Kin zo gida. Dube ni mana." Ta girgiza kai. Maman Ishaya ta ce tun a can haka take, sun yi lallashin duniya ta ƙi. Na zauna a dakalin ƙofa na ɗora ta a cinya, na riƙe fuskarta da hannuwana biyu, na tambaye ta ko idon ne ke ciwo. Ta sake girgiza kai. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena, yadda take yi idan za ta gaya mini asiri.

"Baba ne ya ce in rufe ido, kar in buɗe sai ya ce. Mama, har yanzu bai ce ba."